Ƙananan kwamfutoci masu allo guda: araha a kasuwa, dogon jira a wajen Linux

A watan Oktoban 2023 kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fitar da Raspberry Pi 5, kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba. Amma sai a Nuwamban 2024, da fitowar Linux 6.12, babban reshen Linux ya fara gane ta, shi ma ba duka ba: tallafin guntun RP1, wanda ke riƙe da USB da kebul na intanet, ya zo daga baya.

Matsalar tana cikin ƙwayar Linux, wato ɓangaren da ke haɗa manhaja da ƙarfen na'ura. Kwamfutar tebur kan sanar da ƙwayar kayan da ke cikinta da kanta. Waɗannan alluna masu guntun ARM kuwa galibi ba sa yin haka. Sai mutum ya zauna ya rubuta bayanin da ake kira bishiyar na'ura, ya faɗi inda kowane sashe yake, sannan a rubuta wa sashen direba, masu kula da Linux su duba, su mayar a gyara, wani lokaci sau da yawa.

Kamfanoni da dama ba sa jiran wannan. Sukan kwafi wata tsohuwar ƙwaya, su yi mata faci, su fitar da kaya kasuwa. Guntun RK3588 na kamfanin Rockchip na ƙasar Sin, wanda ke cikin Orange Pi 5 da Rock 5B, da ƙwayar 5.10 ta shekarar 2020 ya fito. Injiniyoyin kamfanin Collabora ne suka ɗauki kaso mai tsoka na shigar da shi babban reshe: direban zane Panthor ya shiga a 6.10 cikin 2024, fitar da hoto ta HDMI kuma sai a 6.13, farkon 2025.

Wannan jinkiri ya shafi aljihun mai saye. Matashin da ya yi odar allo don kafa ma'ajiyar Wikipedia marar intanet ta Kiwix a wata makaranta a Tawa ko Damagaram, ko ɗan ci-rani da ya aiko wa ƙanensa da shi, ba zai sauya na'ura duk shekara biyu ba. Ranar da kamfani ya daina sabunta ƙwayarsa mai faci, gyaran ɓarakar tsaro ya tsaya, alhali allon lafiyarsa ƙalau. Wanda ya shiga babban reshe kuwa yana tafiya da kowace sabuwar fitowa, kusan duk mako tara zuwa goma.

Raspberry Pi dai ya daɗe yana kula da nasa reshen, shi ya sa masu Pi 5 ba su ji jinkirin sosai ba. Haɗarin ya fi yawa a alluna mafi araha, waɗanda tallarsu ke jero ƙarfin guntu da girman ma'ajiya, amma ba ta faɗin lambar ƙwayar da suke aiki da ita.