Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Hukumar ARCEP, Yamai

Ranku ya daɗe,

Ina rubuto muku daga Bazaga, cikin gundumar Birnin Ƙonni ta jihar Tawa, game da al'amarin da ya shafi dukiyar talakawa da mutuncinsu, wanda ya zama amana a wuyan hukumarku tun da aka kafa ta a shekarar 2018 domin sa ido kan kamfanonin sadarwa.

Kun sani ƙasarmu ta Ƙonni da Malbaza da Illela ƙasar ƴan cin rani ce: da zarar gero ya shiga rumbu, sai samari su kama hanyar Sakkwato da Legas da Abijan da Libiya, su bar tsofaffi da mata, kuma abin da suka samu da guminsu, salula ce ke kawo labarinsa gida, haka manomin albasar Galmi, da ita yake jin farashi. Sai dai saƙonnin kamfanoni galibi da Faransanci suke zuwa, alhali dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake karanta ajami ba gargada, bai san baƙin boko ba, don haka tilas ya miƙa wayarsa ga mai caji a kasuwa ya karanta masa, har ya furta lambar sirrin da bai halatta kowa ya ji ba. Ta wannan ƙofa mazambata ke shigowa. Wani ya kira da sunan ma'aikacin kamfani, ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo, da su kuwa ake ƙwace WhatsApp na mutum a roƙi danginsa da sunansa. Wani ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, a mayar masa. Wani ya firgita uwa da cewa ɗanta na kwance asibiti a Legas.

Malaman usulu sun ƙidaya kiyaye dukiya cikin larurai biyar da shari'a ta zo domin tsarewa, mazhabar Imamu Malik kuwa ta shahara da toshe hanyar ɓarna tun kafin aukuwarta. Haƙiƙa dokar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi uƙuba ga masu laifi ta intanet, amma uƙuba bayan ɓarna take zuwa, kuma da wuya ta maido da kuɗin gwauruwa, balle idan layin azzalumin na tsallaken iyaka ne.

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Na farko, tun da kundin tafiyar da mulki na 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, a wajabta wa Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms aika gargaɗi da murya, da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Na biyu, a tsananta hana sayar da layin da aka yi wa rajista da takardun wani, domin a bayansa maha'inci yake fakewa. Na uku, a buɗe lambar kai ƙara kyauta wadda ake amsawa da harshen mai kira, a kuma haɗa hannu da gidajen rediyon karkara da limaman Juma'a, su riƙa nanatawa cewa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, kuma duk wanda aka kira da labarin musiba ya katse, ya nemi ɗansa da kansa kafin ya taɓa ko dala.

Talaka zai ɗauki nasa nauyin, amma ba a kama mutum da sakaci sai hujja ta isa gare shi da harshen da yake ji, isar da ita kuwa yana hannunku. Allah Ya yi muku jagora, Ya taimake ku kan riƙon amana.

Wassalam,
Wani ɗan Bazaga