Shekarar da sojojin West Point suka rufe filin ƙwallo

Ranar 30 ga watan Oktoba 1909, makarantar horon hafsoshin soja ta West Point da ke ƙasar Amurka ta karɓi baƙuncin jami'ar Harvard a wasan ƙwallo. Ba irin tamolar da muka sani ba ce, ƙwallon Amurkawa ce mai kama da zari-ruga, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita. A wancan zamani ƙarti ne ke dunƙulewa wuri guda, su tura mai ƙwallo, su afka wa mutum ɗaya. Haka aka danne wani ɗalibin soja mai suna Eugene Byrne, wuyansa ya karye, washegari ya cika. Nan take makarantar ta soke duk wasannin da suka rage mata a shekarar.

Mu dai a ganinmu sun yi daidai, kuma ba ƙaramin abu suka sadaukar ba. Cikin wasannin da aka soke har da karonsu da makarantar sojan ruwa, wanda aka soma tun 1890, karon da manyan hafsoshi da dubban ƴan kallo ke jira shekara guda. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe rumfa ranar cin kasuwa ya san zafin wannan.

Wasu za su ce ai soja da mutuwa aka san shi, wanda ke tsoron karaya me zai yi a fagen daga? To amma iyaye sun ba da ɗansu ne don ya tsare ƙasa. Ba su ba da shi don a tattake shi gaban masu tafi ba.

Kuma lallashi an gwada shi. Tun 1905 shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa, aka yi gyare-gyare a 1906, amma turereniyar ba ta daina ba. Sai da aka yi rashin Byrne da wasu matasa a 1909, filaye suka zama wayam, sannan masu tsara dokokin wasan suka motsa. A 1910 aka hana turawa ko jan mai riƙe da ƙwallo, aka kuma raba wasan kashi huɗu don ƴan wasa su sami numfashi. A shekarar nan West Point ta koma fili, ta kara da sojan ruwa a birnin Filadelfiya.