NAZARI: Tsohuwar motar alfarma a hanyar Karare, ta wace shekara ce za ta jure?

Duk matashin da ya ɗan samu buɗi a yammacin Katsina, ko muƙamin hadimin ɗan siyasa ne ya faɗo masa, ko kwangila, ko kasuwar hatsi ce ta yi albarka, akwai tambayar da ke jiran sa a majalisa: tsohuwar Lexus ko Marsandi, kuma ta wace shekara? A Abuja wannan hira ce ta sha'awa. Amma ga wanda zai riƙa tasowa daga Karare, a Ƙaramar Hukumar Batsari, ya shiga Katsina ya dawo, ko ya leƙa Safana biki da ta'aziyya, amsar tana rataye ne da manufofin gwamnati da kuma halin da dajin Rugu ke ciki.

A da, motocin yankin suna sauka ne a Kwatano, su ratso Nijar ta Maraɗi, su shigo ta Jibiya. Gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017. A 2022 Hukumar Kwastam ta koma ƙiyasta haraji da lambar jikin mota, dillalai suka yi ta kukan cewa ana cajin tsohuwa kamar sabuwa. Sai ga 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Sakamakon haka, 'yar Kwatano ta fi ƙarfin yawancin masu sha'awa, abin da ya rage shi ne wadda ta riga ta sha hannu a cikin gida. Shekarar da ke rubuce a takarda ba ta faɗin hannu nawa motar ta ratsa, kuma ba ta hana jami'an kwastam tsare ta a hanya idan takardun haraji na bogi ne.

Sai batun mai. Tankin Lexus ES 350 yana cin lita 70. A Oktoban 2024, lokacin da litar fetur ta haura N1,000 bayan janye tallafi, cika shi sau ɗaya ya lashe mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a shekarar. Farashin ya riƙa hawa da sauka daga baya, amma injin mai silinda shida bai rage ƙishirwa ba.

Duk da haka shekara tana da muhimmanci, kuma nan ne dillali ba ya son a daɗe ana magana. Lexus ES 330 ta 2004 zuwa 2006 tana amfani da bel na roba wajen daidaita bugun injin, wanda dole a canza shi a kan lokaci. ES 350 da ta gaje ta a 2007 ta koma sarƙa, sai dai 'yan shekarun farko sun zo da tiyon baƙin mai mai ɗauke da roba, wanda kan fashe ya tsiyayar da man injin cikin 'yan mintuna. Daga baya kamfanin ya maye shi da na ƙarfe. Waɗannan na farkon an kuma san su da narkewar fatar gaban direba idan rana ta dake su, kuma ranar Batsari a watan Afrilu ba ta wasa. Don haka 2010 zuwa 2012 sun fi kwanciyar hankali. Babban abin da ke ceton wannan mota shi ne 'yar uwar Toyota Camry ce a ƙarƙashin kwalliya: bakaniken da ya san Camry da Sienna ba zai yi mata kallon baƙuwa ba, kayan gyaranta kuma ba sai an aika Legas ba.

Marsandi labarinta daban. Mercedes E-Class ta 2002 zuwa tsakiyar 2006 tana da birkin da lantarki ke sarrafawa, wanda ya jawo wa kamfanin kiranye har ya cire shi a gyaran fasalin 2006. Idan ya yi gardama, sai an jona kwamfuta. Masu tafiya a kan jakar iska maimakon sifirin kuwa, rami ɗaya a damina ya isa ya durƙusar da su. Mota ce mai daɗin zama, ba musu, amma daɗin na mai titi ne da gareji a kusa.

A wannan yanki lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci ba ne kawai. Mutanen Batsari da Safana ba su manta 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Masari ta taƙaita sayar da fetur zuwa na N5,000 ga kowace mota a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya. Wanda motarsa ta mutu da la'asar a lokacin, ba shi da ko hanyar kiran ɗan'uwa. Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, sannan a 2025 al'ummomin Jibiya, Batsari da Safana suka zauna sulhu da wasu jagororin daji, hanyoyi suka ɗan buɗe. Sai dai sulhun bai raba yawancinsu da bindigoginsu ba, kuma masu tsegunta wa 'yan bindiga a cikin gari suke kwana. Mota mai ƙyalli a ƙofar gida tana faɗa musu nawa za a nema a matsayin fansa, ko da mai ita bashi ya ci ya saya.

Shi ya sa a ganina, wanda ya nace sai motar alfarma ya nemi ES 350 ta 2010 zuwa 2012 mai sahihan takardun kwastam, ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba, a ɗaga ta a duba ƙarƙashi. Idan kuma a Karare zai riƙa kwana ba a Katsina ba, ES 330 mai dusasshen fenti wadda aka canza wa bel ta fi dacewa da shi, ragowar kuɗin ya ajiye na taya da mai.