Ƙurar Hunturu Da Hayaƙin Murhu: Abin Da Za Mu Tambayi Mai Neman Ƙuri'a



Zaɓe ya ƙarato. 'Yan takara za su riƙa shigowa ƙauyukanmu da motoci da lasifika, za ku ji zancen taki da hanya da rijiyar burtsatse. Duka haƙƙinku ne, ku ji ku riƙe. Amma akwai maganar da ba a cika hawa dandamali da ita ba, alhali kuwa ta shafi jariri da tsoho, watau iskar da muke shaƙa.

Kowa ya san hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris gari yakan yi hazo, rana ta dushe, leɓe ya tsage, yara su yi ta tari da haɓo. Wani kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda ruwan tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari kamar toka. Iska ke kwaso shi ta kawo mana har tsakar gida. Wadda ido ke gani a kan tabarma da sauƙi. Muguwar ita ce wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta sau wajen 30. Ita hanci ba ya iya tare ta, sai ta zarce cikin huhu, har ta shiga jini. Ita ke tayar wa mai asma ciwonsa, ita ke ƙara wa tsofaffi ciwon zuciya, ita ke buɗe wa ciwon huhu ƙofa a jikin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska tana kashe mutum wajen miliyan 7 a duniya kowace shekara.

Haka kuma busasshiyar iska mai ƙura tana raunana cikin hanci da maƙogwaro, ta nan ƙwayar sanƙarau ke samun hanya. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu 11, akasarinsu a nan Arewa. A 2017 ya sake ɓarkewa, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, aka rasa fiye da mutum 1,000. Katsina kuwa maƙwabciyarmu ce, kasuwa ɗaya muke ci.

To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ana iya sanin zuwan ƙura kafin ta iso. Gwamnatin Tarayya tana da hukumar hasashen yanayi, NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003. Takan ba da sanarwar cewa ƙura ta taso, nan da kwana ɗaya zuwa uku za ta rufe jihohi kaza, masu ciwon ƙirji su yi hattara. Takan kuma nuna yankunan da yanayinsu ya yi daidai da tashin sanƙarau. Matuƙin jirgin sama a Kano da Kaduna yana samun wannan labari kafin ya tashi. Mai babbar waya a birni yana gani. Manomin rake a Makarfi fa? Mai tumatir a fadamar Ikara fa? Uwar da ke goye da jariri a Hunƙuyi fa? Da kuɗin ƙasa ake wannan aiki, kuɗin ƙasa kuwa namu ne duka.

Ba za mu ɗora wa Chadi laifin kome da kome ba, akwai hayaƙin da mu muke tayarwa. Matanmu suna wuni a madafi maras taga, ga ɗanyen itace ga kara, ga yaro a baya yana shaƙa. A wajen dafa mazarƙwaila samari suna kwana bakin wuta. Muna cinna wa gona wuta bayan girbi, muna ƙona leda da tsohuwar taya a bayan gari. Da sanyi ya matsa sai a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, wannan kuwa yana iya kashe mutum cikin barci. Don Allah a buɗe wa madafi taga, a busar da itace kafin a hura, a nisanta yara da murhu. Ranar da hazo ya yi kauri, tsoho da mai asma su rage fita, mai fita ya rufe hanci da takunkumi ko rawani, a yawaita shan ruwa. Wanda ya ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ya garzaya asibiti a ranar, kada a jira gobe.

Wancan namu ne. Ga na masu neman kujera. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, na majalisar jiha ne ko na tarayya ko na gwamna, ku tsayar da shi ku tambaye shi abu uku.

Na ɗaya, zai tsaya a riƙa karanta hasashen ƙura da Hausa a rediyo, da asuba da bayan magariba, a kuma aika wa hakimai da dagatai da masu unguwa don a yi shela?

Na biyu, Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255. Zai tabbatar asibitin mazaɓarmu ya sami maganin asma da na ciwon huhun yara, da ma'aikacin da ke kwana, tun kafin hunturu ya kama? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar sanƙarau. Me zai yi don ta iso ga 'ya'yanmu?

In ya amsa, ku sa shi ya faɗi wata da shekara a gaban shaidu, malamin makaranta ya rubuta a ajiye. In ya yi ta kame-kame, kun san matsayinsa. Atamfa da sabulun ranar zaɓe ba sa kai wata guda, kujera kuwa shekara 4 ce, hunturu huɗu ke nan a ƙirjin 'ya'yanku. Ku adana katin zaɓe, ku fito maza da mata, ku ba wanda ya amsa waɗannan tambayoyi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.