Mota Ta Miliyoyi, Taya Ta Bola

Wannan makon da kanmu za mu fara. A littattafanmu jarumi ba ya fushi sai ya fizgi mukulli, ya faɗa Marsandi, ya figi mota da gudun tsiya. Mun san launin motar, mun san turaren da ke tashi a cikinta, amma ba mu taɓa sunkuyawa mun dubi tayar da ke ɗauke da shi ba. Abin da muke yi a takarda shi matasanmu ke yi a kan kwalta: a zuba miliyoyi a mota mai gudu, a zo wajen taya a fara ciniki kamar ana sayen tumatir da yamma.

Duk ƙarfin inji, duk kyawun birki, a ƙarshe wuri huɗu kaɗai mota ke taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Wanda ya yi rowa a nan da ransa ya yi ciniki.

Yanzu abin yayi shi ne tayar da Turawa ke kira ta kowane yanayi. Sunan na da daɗin ji, sai dai mu tambaya: yanayin wa? Kamfanin Goodyear ne ya fito da irinta a Amurka a 1977, domin mutanen da ke ganin zafi da dusar ƙanƙara a shekara ɗaya su huta da canza taya sau biyu. Wato sulhu aka yi: an rage mata riƙon kwalta mai zafi don ta iya ɗan tafiya a ƙanƙara. Masu motocin gudu a Shikago ko Toronto suna da hujjar sayen Michelin Pilot Sport All Season 4 ko Continental ExtremeContact DWS 06 Plus, don robar tayar zafi tana fara ƙagewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Mu kuwa a Kano, Sakkwato ko Maraɗi, yaushe hunturunmu ya taɓa zubo da ƙanƙara a titi? Abin da muke da shi zafin bazara ne da ya kan haura digiri 40, sai ruwan damina. Ita kuma tayar da suke kira ta lokacin zafi, kada sunan ya ruɗe mu, a jiƙaƙƙen titi mai ɗumi ta fi ta kowane yanayi kama birki da riƙe kwana.

Za a ce mana ai ta kowane yanayi ta fi daɗewa kafin zanenta ya cinye. Gaskiya ne, kuma wanda ya saye ta sabuwa, mai lambar da ta dace da motarsa, bai yi laifi ba. Faɗanmu da mai kiran gwanjo da wannan suna ne. Da yawa daga tayoyin da ake ce wa 'yan Beljiyam na sanyi ne zalla, waɗanda masu su suka yar. Robarsu laushi gare ta, zafin kwaltarmu yana cinye ta da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. A duba gefe: hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki na nufin an yi ta ne da tunanin ƙanƙara. Tsoffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da Kwastan ta haramta shigo da su Najeriya, amma mu ne masu sayen da suka hana kasuwar mutuwa.

"Ai zanenta cike yake, Alhaji." Zane ba ya faɗar shekaru. Roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba. Jarumin fim Paul Walker ya mutu a watan Nuwamba 2013 a Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT, kuma masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, suka kuma gano tayoyin motar sun kai shekara tara. A gida, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Idan taya ba ta ji kunyar minista ba, ba za ta ji ta ɗan gayu ba.

Abin haushin, duk bayanin yana rubuce a jikin tayar, mu da muke taƙama da karatu ba mu karantawa. Bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Harafin ƙarshen lambar girma shi ne iyakar gudunta: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada a sa wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta. Akwai kuma darajar jure zafi, A, B ko C. A ƙasarmu A za mu nema. Iska kuwa, ma'aunin yana manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, ba mai faci ya buga ta da ƙafa ya ce ta yi ba.

Sai masu son manyan wili da siririyar taya don hoto ya yi kyau. Taya mai lamba 225/45 gefenta kusan santimita 10 ne. A sauko zuwa 35, ya koma ƙasa da 8. Rami ɗaya ya isa ya fitar mata da ƙulu, ƙulun nan kuma zaren ciki ne ya tsinke, ba ya gyaruwa.

Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ba a fakewa da ƙaddara a ɓoye ganganci. Mu marubuta mun taya wajen mayar da gudu ado, to mu biya bashin. Idan jaruminmu zai yi hatsari a babi na goma, mu daina cewa kawai "mota ta ƙwace masa". Mu nuna ranar da ya tsaya a shago ya zaɓi mai araha. Mai karatu zai rufe littafin, wataƙila ya fita ya sunkuya gaban motar gidansu.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu.