Wai a kumfa na ƙare

Jiya a wajen wankin mota a Kuchigoro wani abokina ya tambaye ni me nake bincike a mastas. Na ce kumfa. Ya kwashe da dariya: "Duk wahalar kemikal injiniyarin, a kumfar Omo ka ƙare?"

Ban ji haushi ba wallahi, don mu ma a aji haka muke. Kowa so yake taken furojet ɗinsa ya ambaci matatar Ɗangote.

Amma 'yan uwa, ku tuna gobarar tankar Majiya a 2024 da ta Dikko a 2025. Wutar fetur ba ta jin ruwa, don fetur tasowa yake saman ruwan ya bi shi yana ci. Kumfa ce ke lulluɓe shi ta hana shi iska. To yaya take malala a kansa? Minti nawa za ta yi kafin ruwan cikinta ya tsiyaye ta mutu? Karatun ke nan.

Kuma wanda ya iya wannan, don Allah kada ya tsaya a kwali. Ya yi rajista da COREN, ya nemi kujera a kwamitin ma'auni na SON. In babu namu a teburin, wa zai tambaya ko kumfar motar 'yan kwana-kwana za ta jure zafin Sakkwato a Afrilu?