Pistole ko Kalash? Ko ɗaya kada ku saye



Tun shirinmu na daren Jumma'a ba mu huta ba. Wani bawan Allah ya kira, ya ce sau biyu ɓarayi na kore mishi shanu, ya tara 'yan kuɗi, shina son shawara: ƙaramar bindiga zai saye, pistole, ko doguwa irin Kalash? Kafin mu rufe shirin WhatsApp ya cika. Wasu na cewa pistole ta fi, tana shiga aljihu. Wasu na cewa wanda ya zo da Kalash, sai Kalash. Kowa ya zama kwamanda.

To mu ga tamu, kuma mun san ba kowa za ta yi ma daɗi ba: ko ɗaya kada ku saye.

Mu fara da ƙarfen kanshi. Pistole mai harsashi milimita 9 ta harbin kusa ce. Ko sojan da anka horar yana kuskure da ita cikin duhu, balle kai da anka tashe ka barci ƙarfe 2 na dare, hannu na makarkata. Kalash kuwa don yaƙi anka ƙera ta: harsashi milimita 7,62, guda 30 cikin gidanta, tana kisa a nisan mita ɗaruruwa. Zana ba ta tare shi, ƙofar kwano ba ta tare shi. Yanzu ku dubi gidajenmu. Da bazara kowa tsakar gida yake kwana, ɗiya bisa tabarma, tsohuwa bakin rumbu, maƙwabci bayan darni. In ka ɗana kunama cikin wanga gida, wa kake tsammanin harsashin zai fara samu?

Sannan ɓarawo dare guda yake zuwa, amma bindiga kullum tana ƙarƙashin katifa. Tana nan ranar da yaro ke bincike cikin ɗaki. Tana nan ranar da anka yi cacar baki kan iyakar gona, ko bisashe sunka shiga hatsi kafin a kwashe. Faɗan da dauri ke ƙarewa da rotsi, a je gaban maigari a sasanta, yanzu da jana'iza zai ƙare. Ga doka kuma: a Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, bindigar yaƙi kuwa ba ta farar hula ba ce. Jandarma sunka same ta wurinka, kai ne ka shiga kaso, iyalin da kake son karewa su kwana ba maigida.

Ba mu buƙatar zuwa nesa neman darasi. A Zamfara, da satar shanu ta yi yawa, 'yan sa-kai sunka ɗauki makamai, kisa ya jawo ramuwa, ramuwa ta jawo kisa, har yau ba a ga ƙarshen abin ba. Nan ƙetaren iyaka, ƙasar Tangaza da Gudu cikin jihar Sakkwato, da marhabin anka fara tarbar Lakurawa don su kori ɓarayi. Daga baya su ne ke karɓar dabbobi da sunan zakka, suna kafa ma mutane doka. An gudu gara, an faɗa gidan zago. A Banibangu kuma, ranar 2 ga Nuwamba 2021, magajin gari ya fita da 'yan sintiri, anka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 sunka rasu har da shi. Allah ya jiƙan su. Jarumtaka ba ta gaza musu ba, makami ma suna da shi.

Mun ji ku, masu cewa: to mu zauna a yanka mu kamar kaji? Kuna da gaskiya ku yi fushi. Wanda ya buga waya da tsakar dare ba a zo ba sai da hantsi, ba ya da haƙurin jin wa'azi. Amma mu yi lissafi. A watan Yuni 2024, wajen Salkam cikin ƙasar Tibiri, anka kashe sojoji 6 masu tsaron bututun mai. Mutanen da ke tunkarar soja bisa moto goma-goma, pistole guda ce za ta kore su? Abin da za ta yi, ta sa su san gidanka da ƙarfe, su fara da kai.

Wasu sun kawo mana Sarauniya ta Lugu. Lalle ta tsaya ma rundunar Voulet a 1899, kuma muna alfahari da ita. Sai dai gari guda ne ya tsaya da baki ɗaya, ba kowa da nashi makami ɓoye ma maƙwabci ba. Wagga haɗin kai ita ce muka rasa. Wa ke sayar musu da esansi a jarka? Wa ke faɗa musu wane ya saida sa ran kasuwa? Ba daga sama suke jin labari ba.

Saboda haka ƙarfinmu mu kai shi inda zai yi amfani. Ga mahukunta, daga gwamnan Doso har perfe na Dutsi da na Tibiri: muna son sintiri na kullum a ƙauyukan iyaka, lambar waya da ake ɗauka, da asirin wanda ya kai labari a rufe. Ga sarakuna da masu gari: baƙon da ya sauka a san mai masaukinshi, manomi da makiyayi su zauna tun kafin kaka. Wanda ya riga ya saye, akwai hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994. Ya bi ta hannun maigari ya miƙa. A Agadas ma an ƙone bindigogi a 2000, ƙasa ba ta rushe ba.

Kai kuma ɗan'uwa da ka kira mu, Allah ya maida alheri. Kuɗinka ka gyara garke, ka sa fitilar sola, ku haɗa sintirin unguwa da sanin jandarma. Wanda bai yarda da mu ba, layi buɗe yake Jumma'a mai zuwa. Allah ya zaunar mana da Arewa lafiya.